Wai turakun sabis sun kusa zama gwangwan?

Mai shagon caji: Jama'a ku rubuta ku ajiye, turakun sabis ɗin nan a kilo za a sayar da su. Tun da Starlink, mai ba da intanet ta taurarin ɗan'adam, ta shigo Najeriya a Janairun 2023 magana ta ƙare, faranti ɗaya kan rufi shikenan, ba dizal ba maigadi ba ɓarayin batir.

Injiniya: Alhaji a hankali dai. Taurarin nan suna kamar kilomita 550 ne a sama, kuma ba a tsaye suke ba, gudun kusan kilomita 27,000 suke a awa, cikin minti 95 ɗaya ya zagayo duniya. Kafin ka gama shayi wanda ke kanka ya wuce, dole faranti ya saki wannan ya cafki wancan ba tare da kiranka ya yanke ba, ga gudun nan yana gurɓata mitar siginar sai an ta gyarawa. Nan masu bincike ke shan wuya. Sannan duk wanda ke ƙarƙashin tauraro ɗaya rabawa suke, rijiya ɗaya ce unguwa guda ke ja, shi ya sa a ƙarshen 2024 suka dakatar da karɓar sabbin mutane a Legas da Abuja.

Mai shagon caji: To ni ina ruwana da Legas, ƙauye nake magana.

Yar aji huɗu: Kawu ƙauyen ma ai ana damina 😂 duk mai dish ya sani, hadari na haɗowa hoto ya fara kakkaryewa ana tsakiyar ƙwallo. Ɗigon ruwa na shanye irin wannan mitar.

Direba: Ni kam jirgi mara matuƙi na fi yarda da shi, yana kusa, a ɗaura masa na'urar a sake shi saman gari kawai.

Injiniya: Wanne ciki? Ƙaramin nan na ɗaukar biki da ƙyar batirinsa ke wuce rabin awa, balle ka ɗora masa kaya. Manyan masu sola kuma sai sun hau wajen kilomita 20, kuma dare ne matsalarsu, abin da suka tara da rana shi za su ci har asuba. Facebook ta gwada irin wannan jirgin mai suna Aquila a 2016, ta haƙura a 2018. Balan-balan ɗin kamfanin Loon masu raba intanet daga sama sun fara aiki a Kenya a 2020, Janairun 2021 aka rufe don ba riba. Zephyr na Airbus ya yi kwana 64 a sama a 2022 sannan ya faɗo.

Direba: Kwana 64 kuma ka ce bai yi ba? Motata ma ba ta kwana 64 ba ta ga bakanike ba wlh.

Baba Malam: Yaran nan kun manta namu. Tauraron sadarwar Najeriya NigComSat-1 an harba shi a 2007, a Nuwamban 2008 solarsa ta lalace ya mutu, wa zai hau ya gyara? Turke kuwa yaro da tsani ya isa.

Mai shagon caji: Baba wancan ai mai nisan kilomita 36,000 ne, ka yi sallama sai bayan rabin daƙiƙa ka ji amsa. Ba ɗaya ba ne.

Yar aji huɗu: Toh Kawu tambaya ɗaya, cikin ɗaki fa? Turke siginarsa na shiga har ƙuryar ɗaki, shi kuwa faranti bishiyar darbejiya ma in ta tare shi ya fara shiririta.

Mai shagon caji: Sai a sare darbejiyar.

Baba Malam: Tawa ce ta ƙofar gida kake nufi? Gwada mu gani.