Tafiyar ɗaukar hoto a jirgin ƙasa a Maroko: in bi ayari ko in tafi ni kaɗai?

Mai Hoton Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum jama'a. Shekarata goma sha ɗaya ina ɗaukar hoto a Katsina, biki da suna da saukar Alƙur'ani, sai hawan sallah da nake jira kamar ruwan farkon damina. Dawakai na ɗauka har na gaji, hasumiyar Gobarau kuwa ba ɓangaren da ban zagaya ba. To wani kamfani ya turo min tsarin tafiya Maroko ta kwana goma. A sauka Kasabalanka, a hau jirgin ƙasa zuwa Fas, daga nan a gangara Marakesh, tare da wani ƙwararren mai hoto da zai riƙa kai mu wurare a lokacin da haske ke da kyau. Mu takwas ne a ayarin. Kuɗin kuwa, wallahi zai saya min sabuwar kyamara har da canji.

Ni sau biyu na taɓa shiga jirgin ƙasa, Rigasa ta Kaduna zuwa Idu ta Abuja da dawowa, kuma duk abin da na ɗauka ta taga fuskata ce ta fito a gilashi. Namu na Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Daura da Katsina, muna nan muna ta jira. Wanda ya taɓa zuwa don Allah ya faɗa min gaskiya: jagoran nan ya cancanci kuɗinsa, ko in yanki tikiti in kama hanya?

Baban Ilham, Daura:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na je sau biyu, ziyarar Shehu Tijjani ce ta kai ni Fas, amma da kyamarata a wuya. Ka fara cire rai da hoton taga. Jiragensu tagogi a rufe suke, gilashin da ƙura. Mai gudun nan, Al Boraq, da aka buɗe a 2018 tsakanin Tanja da Kasabalanka, yana kai kilomita 320 a awa. Kafin ka saita, abin da ka hango ya wuce. Na Fas ya fi sannu, kusan awa huɗu ta Rabat da Meknes, a nan ne za ka ga gonakin zaitun. In ka matsu, manna bakin kyamarar da gilashi, ka lulluɓe da baƙin rawani, inuwarka za ta ɓace. Amma hoton da na fi so a duk tafiyar a cikin tarago na ɗauke shi: wata tsohuwa tana ɓare wa jikanta lemo, ta miƙo min ɓari ba tare da ta ce uffan ba.

Shiga jirgi ba ya buƙatar jagora. Ka yanki ajin farko, a ba ka lambar kujera, shi ke nan. Inda za ka nemi mutum ido rufe shi ne tsohon birnin Fas. Mota ba ta shiga, lunguna sun fi na cikin garin Katsina matsi nesa ba kusa ba, wani wurin in jaki ya taho da kaya sai ka manne da bango. Ka ji an ce "balak", kauce kawai. Ni na shiga ta ƙofar birnin da ake kira Bab Bujulud da hantsi, na ce ai ba baƙon lungu ba ne ni, ban ga zawiyyar Shehu Tijjani ba sai da aka kira azahar, wani yaro ne ma ya ja ni. Majema kuma daga saman shagunan masu fata ake ɗaukarta, za su miƙo maka ganyen na'ana'a ka toshe hanci. Je da safe, lokacin da masu aiki ke cikin ramukan rini. Ranar Juma'a yawancin shaguna a kulle suke.

Shawarata, ka ɗauki jagora ɗan gari mai lasisi na kwana biyu a Fas kamar yadda ni ma na yi daga baya, sauran ka riƙe kuɗinka.

Maman Walida:

Alhaji, ban yarda da kai duka ba. Kai kana jin Larabci, shi fa? Can daga Larabcinsu, wanda ko ɗalibin Islamiyya sai ya kasa kunne, sai Faransanci. Ni da maigidana muka je, kuma abin da ya fi ba mu wahala shi ne ɗaukar mutane. Ba kamar filin hawan sallah ba ne da kowa ke gyara zaman rawani in ya ga kyamara. Mata musamman ba sa so, wata ta ɗaga min hannu tun daga nesa. A dandalin Jami'ul Fana na Marakesh kuma masu wasa da maciji, kana ɗaga kyamara za su biyo ka sai ka biya. Jagora shi ke shiga tsakani. Sannan in kana da jirgin hoto marar matuƙi, bar shi a gida, kwastan na karɓewa a filin jirgi. 'Yan sanda da sojoji ma kar ka kuskura ka ɗauka.

Mai Hoton Ƙofar Ƙaura:

Na gode Baba, na gode Hajiya. Larabcina bai wuce na sallah ba. Amma maganar mutum takwas a lungun da jaki ke cika shi ta tsaya min a rai, kowa ya ɗauko ƙofa ɗaya kenan. Baba, jagoran naka a ina ka samo shi?

Baban Ilham, Daura:

Masaukina ne suka haɗa ni da shi. Ka ce ya nuna maka katinsa tukuna, kuma ku gama ciniki tun a ƙofa, har da sharaɗin ba zai kai ka shagon darduma ba. Nawa sai da ya kai ni uku.