Salwata suna ta ƙwai amma sun ƙi kwanci, ina mafita?

Maman Haidar:
Salam jama'a, dan Allah masu kiwon salwa a taimaka min. Na sayi guda 30 a nan Zariya wata biyu kenan, ƙwai kam Alhamdulillah kullum sai na tsinta, amma ko ɗaya ba ta taɓa kwanciya a kai ba, sai dai su yi ta takawa suna wucewa. Ga mazan sai faɗa har sun fasa wa ɗaya kai. Ko dai an ba ni marasa kyau ne?

Ɗan Bukur:
Wa'alaikumus salam Hajiya, ba wanda ya cuce ki. Irin da muke kiwo a keji 'yar Japan ce, cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke jihar Filato ce ta yaɗa ta a ƙasar nan, kuma ita dama da wuya ki ga ta yi kwanci, aikinta zuba ƙwai ne kawai, daga sati 6 zuwa 7 ta fara. Sai dai ki kai wa masu injin ƙyanƙyasa, kwana 17 zuwa 18 sun fito. Kar ki tara ƙwan ya wuce sati ɗaya kafin ki kai. Maganar faɗa kuwa ina kyautata zaton maza ne suka miki yawa, namiji ɗaya ya ishi mata 3 ko 4, ki duba ƙirjinsu, mace tana da ɗigo-ɗigon baƙi, namiji kuwa jaja-jaja ne ba ɗigo. Rarar mazan ki yi wa maigida farfesu kawai.

Baba Audu:
Ni kazar Hausa na sa wa ƙwan, kamar dai yadda ake yi da ƙwan zabi. Ta ƙyanƙyashe wasu amma ta fasa kusan rabi don ɓawon ba ƙwari, in za ki gwada ki nemi ƙaramar kaza. Wai ita salwar ba ita ce fakara ba?

Ɗan Bukur:
A'a Baba, fakara daban, ta fi ta girma nesa ba kusa ba.

Ummu Khadija:
'Yar uwa ni abin da ya fi ƙona min rai 'yan tsakin ne, ƙanana ne kamar babban yatsa, ranar farko na sa musu ruwa a murfin roba na shiga kicin, wallahi kafin in fito bakwai sun nutse. Ki zuba tsakuwa a cikin ruwan, ki sa musu ɗumi na gawayi ko fitila har sati biyu zuwa uku, abinci kuma sitata, wato na 'yan tsakin kaji, amma a ƙara niƙe shi, dusa kaɗai ba ta riƙe su. Sannan kar ki biye wa masu cewa ƙwan yana maganin kowace cuta, abinci ne mai kyau dai, ki fara samun mai saye kafin ki ƙara yawansu.

Maman Haidar:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Yanzu na je na ƙirga, ashe maza 14 ne a ciki!