Matar da ta danna ƙararrawa a Parasite: wane fim nata zan nema?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare na kalli Parasite, fim ɗin Koriya ta Kudu, kuma har yanzu mace ɗaya ce ta tsaya mini a rai: mai aikin gidan da aka kora, wadda ta dawo ana tafka ruwa ta danna ƙararrawa, fuskarta ta fito a ɗan allon ƙofa tana murmushi tana roƙon a buɗe mata. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Wace ce ita, kuma me zan kalla nata na gaba?

Yaya Nura: Wa alaikumus salam. Sunanta Lee Jung-eun, Maman Ilham, an haife ta a Seoul a 1970. Kada ki ɗauka sabuwar shiga ce. Ta karanta wasan kwaikwayo a Jami'ar Hanyang, ta fara hawa dandamali a 1991, a wani wasan Shakespeare. Parasite kuwa sai a 2019 ya fito. Ki lissafa, shekara 28 ke nan. Mafi yawansu a wasan daɓe ta yi su, irin na ƙananan zaurukan Daehangno, unguwar 'yan wasa a Seoul, inda ɗan kallo na sahun gaba yake jin numfashin mai wasa. Kuɗin wurin ba ya ci da mutum, shi ya sa ta daɗe tana haɗawa da wasu sana'o'in gefe. Abin da ya tayar miki da tsigar jiki daga can ta taho da shi.

Anti Balaraba: Ƙanwata, ki bar dogon bincike, ki nemi Our Blues na 2022. Shiri ne mai dogon zango, kashi 20, amma uku na farko kusan nata ne. Ta fito a matsayin Eun-hui, mai sayar da kifi a kasuwar tsibirin Jeju, wadda ta haƙura da karatu ta ɗauki nauyin ƙannenta, ta tara dukiya da wuƙar yankan kifi, ba ta yi aure ba, kowa kuma in ya shiga matsi ita yake nema. Sai ga wanda ta so tun suna makaranta ya dawo garin, ma'aikacin banki, tsaf da shi, alhali kuɗin wasan golf na 'yarsa a Amurka sun gama tsotse shi. Cha Seung-won ne ya fito a wannan matsayi. Ba zan faɗa miki yadda suka ƙare ba. Amma ki lura da fuskarta lokacin da ta gano dalilin da ya sa yake matsowa kusa da ita. Na yi kuka, domin na san mata irinta, babbar ɗiya da ta zama uwa da uba a gida, ba wanda ya taɓa tambayarta ko ta gaji.

Ummi 'Yar Zinder: Anti, ni dai When the Camellia Blooms nake ganin ya fi dacewa a fara da shi, tun da shekararsu ɗaya da Parasite. Nan uwa ce da ta ajiye ɗiyarta a gidan marayu tana shekara bakwai, sai bayan yarinyar ta girma ta haihu ta sake ɓullowa, kamar mai ciwon mantuwa. Na fara kallo ina jin haushinta ƙwarai. Kafin a ƙare na rasa inda zan sa haushin.

Anti Balaraba: Yana da kyau, Ummi, ba na musu. Sai dai mutum zai yi tafiya mai nisa kafin labarin uwar ya buɗe. A Our Blues tun daren farko za ta same ta.

Malam Habu: Ku ba ni dama in sa baki. Duk wanda bai ga Mr. Sunshine na 2018 ba, bai san inda mutanen Koriya da yawa suka fara riƙe fuskarta ba. Labarin ƙarshen daular Joseon ne, lokacin da Japan ke shirin mamaye ƙasar, kashi 24. Ita ce Haman-daek, baiwar da ta reni 'yar gidan sarauta da Kim Tae-ri ta fito a matsayinta. Sunan ma abin lura ne. A al'adarsu ta dā, matar aure ana kiranta da garin da aka ɗauko ta, wato Haman-daek na nufin matar da ta fito daga Haman, kamar yadda za ka ji ana kiran wata 'Yar Katsina a gidan miji har sunan yanka ya ɓace. Ita haifaffiyar Seoul ce, amma da karin harshen kudancin ƙasar ta yi maganar, kamar Bakano ya juya baki ya yi Sakkwatanci. Mu da muke bin fassarar da ke ƙasan allo wannan yana wuce mu, sai dai ko ba ka jin yaren za ka ji muryarta tana hawa da sauka daban da ta sauran.

Maman Ilham: Ikon Allah. To Yaya Nura, ta yaya mai Parasite ya gano ta tun da a daɓe take?

Yaya Nura: Daraktan fim ɗin, Bong Joon-ho, ya daɗe da saninta. Akwai wani wasan daɓe na waƙa mai suna Laundry, a kan talakawan da ke haya a wata unguwar Seoul, har da wani ɗan ci-rani daga Mongoliya. Ita ce tsohuwa mai gidan haya, tun tana da sauran ƙuruciyarta. Bong ya ba ta ƙaramar fitowa a fim ɗinsa Mother na 2009. A Okja na 2017 kuwa ba a ga fuskarta a babban aikin da ta yi ba, domin ita ce ta yi muryar katuwar dabbar da ake kira Okja, gurnani da nishi kawai, ba kalma ko ɗaya. Sai a karo na uku ya ba ta Moon-gwang, mai aikin da kika gani. Fim ɗin ya ci babbar kyautar Cannes a Faransa a 2019, ya kwashi Oscar huɗu a 2020, ita kuma ta karɓi kyautar finafinan Koriya ta Blue Dragon ta jaruma mai taimakawa.

Hajiya Rabi: Gargaɗi ɗaya, 'yata. In kika ga sunanta a Strangers from Hell, kada ki kunna gaban yara, ke ma kada ki kalla ke kaɗai da dare. Mai gidan haya ce a ciki, tana fara'a tana miƙa wa 'yan haya abinci, kuma fara'ar ce abin tsoron. Akwai jini sosai. Ni kashi biyu na gani na ajiye.

Sadiya: Gaskiya Hajiya ta faɗa. Ni kuma in ƙara biyu da ba a cika ambata ba. The Day I Died na 2020, tare da Kim Hye-soo, inda ta fito a matsayin matar ƙauyen tsibiri da ta rasa muryarta. Macen da ta yi shekaru tana cika zaure da murya, aka ce ta yi fim da ido da hannu da ɗan rubutu a takarda, kuma ta riƙe shi. Sai Hommage, na darakta Shin Su-won, wanda a cikinsa aka fara ba ta jagorancin fim, tana da shekara hamsin da 'yan kai. Darakta ce da finafinanta ba sa kasuwa, aka ba ta aikin gyara wani tsohon fim na shekarun 1960 da wata mace ta shirya, wanda wasu sassansa suka ɓata. Fim ne mai sanyi, ba faɗa ba tsere, don haka ba kowa zai so shi ba. Ni shi na fi so. Da shi ta ci kyautar Asia Pacific Screen Awards a 2022.

Malam Habu: Kada a manta da The Light in Your Eyes, kashi 12 kacal, ita da tsohuwar jaruma Kim Hye-ja. Lee Jung-eun mai gyaran gashi ce a ciki, kuma ya ba ta kyautar Baeksang ta finafinai da talabijin na Koriya a 2019. Don Allah kada kowa ya ba da labarin ƙarshensa a nan, kada kuma ki leƙa intanet kafin ki gama.

Ummi 'Yar Zinder: Wannan kam, Malam, ki tanadi hankici, Maman Ilham.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na rubuta su duka. Zan bi shawarar Anti Balaraba in fara da ukun farko na Our Blues daren Juma'a in yara sun kwanta, daga nan in wuce gajeren da Malam Habu ya ce. Sadiya, Hommage ɗin a ina kika same shi da fassara a ƙasa? Na duba Netflix ɗina ban gan shi ba.