Za a gina rukunin gidaje a gonakinmu, ina ruwan damina zai bi?

Ɗan Fadama ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga wani ƙauye nake a Jigawa, yankin da Kogin Haɗejia ke ratsawa. Ranar Juma'ar da ta wuce kansilanmu ya tara mu a ƙofar gidan dagaci, ya ce majalisar ƙaramar hukuma na duba buƙatar wani kamfani da ke son gina rukunin gidaje a gabashin gari, bakin titi. Ya ce kan kansiloli ya rabu. Wasu na hangen kuɗin shiga, wasu sun ce a fara jin ta bakin masu gonaki. To magana ba ta ƙare ba, sai muka wayi gari an kakkafa turakun siminti. Ɗaya ma a gindin ɗorawar da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yake ɗaure jakinsa.

Wallahi ba gonar ce ta fi hana ni barci ba. A tsakiyar filin akwai kududdufin da muke haƙar ƙasar gini, kuma duk ruwan unguwarmu can yake gangarawa. A ambaliyar 2022 na kwana tsaye da tocila, ina kallo ya cika ya tumbatsa, ruwa ya zo ya taɓa katangar makarantar allo, sannan Allah ya tsayar da shi. In aka cike shi aka ɗora gini, ɗakunanmu na ƙasa ruwan zai nufa. Ga burtali ma ya bi ta gefen wurin.

Shin hukuma na da ikon karɓe gonar gado ta ba kamfani? Me za mu yi kafin su sake zama?

Tsohon Malamin Filaye ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar mallaka ta gargajiya, kuma gonar da dokar ta tarar ana nomawa, ana ɗaukar mai ita tamkar yana da shaidar, ko babu takarda. Gwamnati na iya karɓa, amma sai don amfanin jama'a. Kotuna sun sha soke karɓar filin da aka yi don kawai a miƙa wa wani mai kuɗi. Sai dai tsara matsuguni yana cikin abin da dokar ta kira amfanin jama'a, don haka ku nemi a faɗa muku a rubuce: aikin gwamnati ne, ko kasuwancin kamfani? In na kamfani ne, ciniki ne, kuna iya cewa ba ku sayarwa.

Diyya kuwa ba ta ƙasar kanta ake biya ba, ta abin da ke kanta ce: shuka, itatuwa, rijiya, gini. Ku ƙirga kowace ɗorawa da kuka da tsamiya, ku ɗauki hoto a gaban mai unguwa. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba.

Birkila ya amsa:

Yaya, ni ina goyon bayan aikin, kada ka ji haushina. Kowane rani Kano nake tafiya ci-rani, in kwana a kango. In aikin gini ya zo bakin ƙofa me zai sa in ƙi? Kuma filin bakin titi ba ya zama gona har abada. In kun kori mai tsari, 'yan awon igiya za su yanka shi, ba kwata ba hanya, kamar yadda na gani a wajejen Kumbotso da Ungogo. Ku dage a bar kududdufin, a ja magudana zuwa cikinsa.

Maman Yara ta amsa:

Malam, a taron ƙofar dagacin akwai mace ko ɗaya? Gonar gado ce, 'yan uwanka mata suna da kaso. Kalwar ɗorawar nan su ke dafawa su yi daddawa. A rubuta sunayensu tun yanzu, kafin ranar rabon kuɗi.

Ɗan Fadama ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai. Hajiya, gaskiyarki, babu mace a wurin, kuma yayyena biyu suna raye. Yau da la'asar zan je musu. Baba, mun ƙirga namu: ɗorawa huɗu, kuka ɗaya. Ƙanena Birkila, ban ji haushi ba, maganarka ta magudana ita muka sa a farkon takardar koke. Dagaci ya yarda zai kai wa hakimi, kofi ɗaya kuma mu kai sakatariya da kanmu ranar Litinin. Arɗon Fulani ya ce zai zo saboda burtalin.