Dashen haƙori ga tsoho mai ciwon suga, zai yiwu kuwa?

Maman Nana:
Salamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema a kan babanmu. Ya haura 70, haƙoransa na tauna duk sun zube sai ƴan na gaba su ma suna girgiɗi, yanzu abincinsa kenan fura da kunu da biredi jiƙe cikin shayi, nama ko an kawo masa sai ya ce a ba yara, mutumin da a da kilishi ba ya wuce shi. Ya rame har rigunansa sun yi masa yawa, tashi daga tabarma ma sai an kama shi. Yayanmu da ke Aljeriya ya ce zai biya a yi masa dashen haƙori, irin wanda ake kafawa cikin ƙashi, to ni tsorona shekarunsa ga kuma ciwon suga. Ana yi wa tsofaffi kuwa? In an yi zai koma cin abinci kamar da?

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Innarmu haƙoran roba aka yi mata, na sama sun zauna daram amma na ƙasa kullum zamewa suke in tana tauna, ƙarshe sai ta cire su in za ta ci abinci ta maida in za ta biki. Dashe kam mun tambaya aka ce sai Yamai ko Kano, kuma ba zuwa ɗaya ba ne, Yamai kusan kilomita 900 da tsoho a mota ba wasa ba. Ku yi lissafin hanya tare da na aikin.

Majo Zango:
Maman Nana sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Shekaru kaɗai ba su hana dashe, ana yi wa waɗanda suka fi Baba tsufa. Abin da likitan haƙori zai duba shi ne ƙashin muƙamuƙi da lafiyar jiki. Wata ƴar ƙusa ce ta ƙarfen titaniyom ake ɗaurawa cikin ƙashin, a bar ta kamar wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ta kam kafin a ɗora haƙorin a kai. Tun 1965 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Brånemark, ya fara yi wa mutum, ba sabon abu ba ne. Matsalar ita ce in haƙori ya fita ƙashin wurin yana ta zaizayewa, wanda ya daɗe da wawulo sai a tarar babu inda ƙusar za ta kama, shi ya sa dole a ɗauki hoton muƙamuƙi tukuna. Sai suga: in bai daidaita ba miki ba ya warkewa da wuri kuma dashen yana iya lalacewa, haka ma mai shan taba. Kuma ba kowane haƙori ake yi wa ƙusarsa ba, ga wanda na ƙasa suka ƙare, ƙusa 2 kan isa su riƙe haƙoran roba su daina zamewar nan da Ɗan Birni ya faɗa, ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Amma ni ramar nan ta fi tada min hankali. Ko gobe aka fara aikin sai an yi watanni kafin ya tauna nama, jikin tsoho kuwa ba zai jira ba, naman jikinsa ke narkewa shi ya sa tashi ke masa wuya, kuma wanda ya rame haka ko tiyatar ba zai jure ta yadda ya kamata ba. Dattijo yana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kamar giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilo na nauyinsa a rana in ƙodarsa lafiya lau, mai kilo 55 kenan giram 55 zuwa 66, ƙwai guda kuwa giram 6 ne kacal. Kunu da biredi ba za su kai shi ko kusa ba, sai dai su hau da sugan. Kuma kada ku ɗora wa haƙori laifin ramar duka, ku kai shi lopital a auna suga da jini da ƙoda, sugan da ya hau shi kaɗai yana ramar da mutum.

Tambayarki ta ƙarshe, tauna za ta gyaru sosai amma da yawa ko an yi musu haƙori suna ci gaba da cin abin da suka saba, sai an zauna da su an sake musu tsarin abincin.

Hajiya Mirya:
Ƴata ki ji maganar majo. Ni na yi jinyar maigidana haka, naman nan ki dafa shi ya yi lugub ki daka a turmi ki zuba cikin miyar kuka ko kuɓewa, tuwon hatsi ki yi shi da laushi. Wake ki surfe shi ki yi alala ko fate, kifi ki zare ƙaya tsaf, zogale a dafa a murje cikin miya tunda kwaɗo ba zai taunu ba. Furar ma kada ki hana shi, ki yawaita kindirmo ki rage furar, babu sukari. Kunu a sa masa gyaɗa. Kuma ki riƙa ba shi kaɗan kaɗan sau da yawa, sannan a zuba masa a ɗakinsa ko tare da mutum ɗaya da ya saba da shi, dattijo kunya yake ji a gan shi yana fama da loma gaban jikoki, wani lokacin shi ya sa yake cewa a ba yara.

Maman Nana:
Na gode ƙwarai, Hajiya wallahi maganar kunyar nan haka take. Majo to ƴan na gaban masu girgiɗi fa, mu kai a cire su?

Majo Zango:
A'a kada ku yanke da kanku, likitan haƙori ya gani tukuna, wani lokacin ciwon dasashi ne in an wanke an yi magani wasu su tsira har su riƙe na roba. Ki tafi da takardar awon sugansa da duk magungunan da yake sha, musamman in akwai na tsinka jini.