Neman shawara: in ƙara shigar da wani ciwon a VA, ko in bar kaza cikin gashinta?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. A yi haƙuri, na ɓoye sunana. Tsohon sojan Amurka ne ni, ina zaune a Bronx. Na yi Iraƙi daga 2007 zuwa 2008, a sansanin Balad, na ajiye kaki a 2012. Shekara huɗu ke nan hukumar kula da tsofaffin sojoji, VA, tana biyana diyyar lalura kashi 70 cikin 100: kashi 50 na PTSD (ciwon damuwa da firgici bayan tashin hankali irin na yaƙi), 30 na ciwon ɓarin kai, 10 na ƙarar da ba ta barin kunnena.

Yanzu kuma numfashi ne. Bara likita ya tabbatar min ina da asma, kullum sai na shaƙi magani, kuma kafin in shiga soja ban san wannan ciwo ba. Duk wanda ya zauna a Balad ya san hayaƙin ramin ƙone shara, roba da taya da komai ake zubawa a cinna wuta, mu kwana mu tashi a ciki. Uwargida ta matsa in shigar da shi. Ni kuma tsoro nake ji kada garin neman gira a rasa ido, a sake buɗe fayil ɗina a rage abin da nake samu. Da kuɗin nan nake cika kuɗin haya, in aika wa Hajiyarmu a gida. Akwai kuma abin da ke cin raina: na dawo da ƙafafuna biyu, wasu ba su dawo ba. Anya ba haɗama ba ce? Ku ba ni shawara don Allah.

Wani tsohon saje daga Houston:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ka shigar, kuma ga dalili. Dokar PACT da Shugaba Biden ya sa wa hannu ranar 10 ga Agusta 2022 ta sa asmar da aka gano bayan barin aiki cikin cututtukan da ake ɗauka kai tsaye cewa hayaƙin nan ne ya jawo su, ga duk wanda ya yi aiki a Iraƙi daga 2 ga Agusta 1990 zuwa yau. Ke nan ba sai ka nemo wasiƙar likita da za ta ɗaure ciwon da aikin soja ba, wadda ita ce ke kayar da mutane da yawa. Takardar sallamarka DD-214 da bayanin likitan da ya gano ciwon su ne ƙashin bayan maganar.

Amma kada ka sa rai da lissafin kasuwa. VA ba ta tara kashi a kan kashi, kowane sabon ciwo daga ragowar lafiyarka ake cire shi. 50 da 30 suna ba da 65, a ƙara 10 ya zama 69, shi ne aka cika maka 70. Idan asma ta sami 10 kawai, za ka tsaya a 72, wato 70 ɗinka na nan, ko dala ɗaya ba za ta ƙaru ba. Idan ta sami 30, wanda shi ne matakin mai shaƙar magani kullum, sai ka kai 78, a cika maka 80.

Wani ɗan'uwa daga Columbus:
Ni dai ban ga abin gaggawa ba. Saura shekara ɗaya kashinka ya cika shekara biyar, daga nan ba a rage shi da gwaji ɗaya tak, sai an nuna sauƙin ya ɗore. Ka lallaɓa ka kai can tukuna. Mai iyali ba ya wasa da abin da ke hannu.

Tsohon sajen ya dawo:
Malam, maganar shekara biyar gaskiya ce, amma akwai hanyar da ba zai yi asarar watanni ba. Ya cike fom 21-0966, na bayyana niyya. Yana ba shi shekara guda ya tattara hujjoji, in an amince kuma daga ranar niyyar za a lissafa kuɗinsa. Sannan shi ba ƙarin kashi yake nema a kan PTSD ba, wanda lalle sai an sake auna shi. Sabon ciwo ne, huhu za a gwada. Ba na ce ba a leƙa sauran fayil ba, ana iya leƙawa. To amma ragi ba ya faɗowa daga sama: sai an aiko da takarda, kana da kwana 60 na kawo hujja da kwana 30 na neman a saurare ka. Wanda bai daina zuwa asibiti ba, takardunsa ne za su tsaya masa.

Wata 'yar'uwa, matar tsohon soja:
Yayana, ka saurari matarka. Ni na yi jinyar maigidana, na san abin da take hangowa. Ko kashi 0 aka ba ka, an rubuta cewa ciwon na aiki ne, in ya tsananta gaba sai dai ka nemi ƙari. Kuma rai na hannun Allah, amma idan ciwon da aka amince na aiki ne ya zama ajalin mutum, matarsa tana da haƙƙin kuɗin wata-wata da ake kira DIC. In babu shi a rubuce, ita za ka bari da fafutukar neman hujja a lokacin da take takaba. Wallahi ba ƙaramin abu ba ne.

Zancen haɗama kuwa, ka cire shi a ranka. Ba sadaka ake ba ka ba, kuma abin da ka karɓa ba a aljihun wani sojan ake cirewa ba. Haramun ita ce ka ƙara gishiri. Ranar gwajin C&P, wato gwajin lafiyar da VA ke yi kafin ta yanke diyya, ka faɗi yadda kake a ranakun da ciwon ya fi matsa maka, kada ka ce "lafiya lau" irin gaisuwarmu ta gida. Maigidana haka ya so ya yi, don kunya.

Wani matashi da bai daɗe da barin aiki ba:
Baba, abu ɗaya zan ƙara. Ka guji kamfanonin nan da ke talla a Facebook suna cewa za su kai ka 100, sannan su karɓi kuɗin watanni da yawa. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion suna da wakilai masu izini, kyauta suke cike fom 21-526EZ, na neman diyya, tare da kai.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta shige ni, na karanta wa uwargida har ta yi hawaye. Ɗazu na tura fom ɗin niyya ta intanet. Ranar Litinin zan kira asibiti a ba ni sakamakon gwajin numfashina da jerin magungunan da nake shaƙa, sannan in nemi wakilin DAV mu zauna. Saje, zan biyo ka ta waya kan lissafin nan, ban gama gane yadda aka kai 78 ba.