Kafin Ka Biya Kuɗin Jitar Lantarki ta Hannu: Abin da Masu Kiɗa da Masu Gyara Suka Gani

Malamin Kiɗa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗalibai na yawan sayo jitar lantarki ta hannu saboda sunan da ke kanta, kwana biyu sai ga ta a wurin mai gyara. Kowa ya kawo abin da ya sani. Zan fara da asali, don shi ke nuna inda ake dubawa. A 1931 George Beauchamp ya ƙera pikof a Amurka: maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, tsirkiyar ƙarfe na kaɗawa a kansa sai ya haifi 'yar wuta da amfilifaya ke ƙarawa. Shi da Adolph Rickenbacker suka fara sayarwa a 1932. Jitocin farko masu rami a ciki, irin Gibson ES-150 ta 1936, kuka suke yi idan an ƙara murya, don jikinsu na amsa sautin lasifika. Maganin shi ne katako tsantsa marar rami. Leo Fender ya fitar da tasa a 1950, ta koma Telecaster a 1951, Gibson ta biyo da Les Paul a 1952, sai Stratocaster a 1954. Yawancin abin da ke kasuwa yau jikokin waɗannan ukun ne.

Mai Gyara: Wa alaikumus salam, Malam. Ni da wuya nake farawa, don pikof ana canza shi, amma wuyan da ya murɗe sai dai haƙuri. A ɗaga jitar a hango ta daga kai zuwa jiki kamar mai duba gorar mashi. Ɗan lanƙwasa gaba ba laifi ba ne. Murɗewa, wato gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, ita ce a ajiye a tafi. Sannan a danne tsirkiya mafi kauri a firet (ƙananan ƙarafan da aka jera a kan wuyan jitar) na farko da na ƙarshe, a duba ratar da ke tsakaninta da firet na 7 ko 8. Ya kamata ta zama kusan milimita 0.25, kaurin katin waya da ake kankarewa. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da alanki: dama na miƙar da shi, hagu na sassautawa. Kwata ɗin juyi kawai ake yi, a sake saita tsirkiya, a duba. Ku roƙi mai kaya a gwada ta a gabanku. In ta cije ko tana juyawa a banza, kuɗin gyaran na iya fin kuɗin jitar.

A kuma buga kowane firet a kowace tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya. Minti biyar ne. Firet na 1 zuwa 5 su suka fi cinyewa, za ka ga ɗan kwari a ƙarƙashin tsirkiya. A firet na 12 tsayin tsirkiya ya zama wajen milimita 1.6 a siririya, 2 a mai kauri.

Makaɗin Damagaram: Yaya Mai Gyara, a ƙara da hunturu. Jitar da ta fito daga Turai ko ta kwana a Legas ko Kwatano, in ta iso nan lokacin sanyi katakon wuya na bushewa ya tsuke, ƙarfen firet kuwa ba ya tsukewa. Sai bakinsa ya fito gefe yana yankar tafin hannu. Ba lalacewa ba ce, mai gyara zai goge da ƙaramin zarto. Amma a riƙa ajiye ta cikin jakarta, nesa da taga, kada a bar ta a but ɗin mota da rana. Da damina kuma wuyan ya kan sauya, saiti sau biyu a shekara ba almubazzaranci ba ne.

Ɗan Lantarki: Ƙugin da ake ji ba kullum laifin jita ba ne. Pikof mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster, yana kwaso ƙugin wutar gida, musamman kusa da janareta ko fitila mai tsawo. Don haka ne Seth Lover ya ƙera mai naɗi biyu masu soke ƙugin juna, Gibson ta sa shi a Les Paul a 1957. Sautinsa ya fi kauri, na naɗi ɗaya ya fi tsini. Gwajin: a sa makunnin zaɓin pikof a matsayi na 2 ko 4, a yawancin Stratocaster na zamani ƙugin zai ragu sosai. In ƙugi na lafawa idan ka taɓa tsirkiya, daidai ne. In taɓawar ba ta canza komai, wayar da ke haɗe da jaki, wato ƙarfen da tsirkiya ke hawa a jikin jitar, ta tsinke, aikin dalma ne na minti goma. Maɓallin murya mai ƙarar-ƙarar ƙura ce ko tsufa; in za a canza, mai lamba 250k a jikinsa ake sa wa naɗi ɗaya, mai lamba 500k wa naɗi biyu.

Don Allah ku duba bayan amfilifaya. Ta Amurka bolt 120 take ci, tamu wutar 220 zuwa 230 ce. Soka ta kai tsaye ƙonewa ne nan take, sai da taransifoma mai rage wuta.

Mai Gyara: Kan jabu: murfin sandar wuya na Gibson ta gaskiya kusoshi biyu gare shi, jabu da yawa uku ne. Epiphone ma uku ne, amma ita da sunanta take zuwa, mallakar Gibson ce tun 1957. A shafa bayan kan Les Paul a haske, don kan ya karkata baya kuma nan yake karyewa in ta faɗi. Fenti mai duhu a wurin yakan ɓoye ɗinki. A ganina mai koyo ya ɗauki Squier ko Yamaha Pacifica mai lafiyayyen wuya ya fi masa Gibson ta shakka.

Malamin Kiɗa: Haka ne. Mai gajerun yatsu ya gwada duka biyun: tsawon tsirkiyar Fender inci 25.5 ne, na Gibson 24.75, na biyun ya fi laushin dannawa. Ya fara da tsirkiya mai kauri lamba 9 zuwa 42. Bahago kuma ya nemi ta hagu tun farko, kamar yadda Mdou Moctar na Nijar ke kaɗawa. Juya ta dama sai an canza ƙashin da tsirkiya ke hawa a kai, an sake saita jaki, kuma maɓallai za su tsaya ƙarƙashin hannu.

Makaɗin Damagaram: Malam, da na'urar saita sauti a aljihu ake zuwa ciniki. A saita tsirkiya ba tare da an danna ta ba, sannan a danna firet na 12, na'urar ta nuna sauti iri ɗaya. In ya haura, a ja sirdin jaki, wato ɗan ƙarfen da kowace tsirkiya ke zaune a kai, baya. In ya gaza, a tura shi gaba. In sirdin ya kai maƙura bai daidaita ba, a fara sa sabuwar tsirkiya kafin a yanke hukunci, don mai tsatsa ba ta faɗin gaskiya.